Tumun Farko Naki Ne

Zuwa ga 'yata Rahila,

Ina gaishe ki da sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya riƙe mu tun daga shuka har ga shi gero ya nuna. Na ce wa innarki kada ta bari ki buɗe takardar nan sai mota ta bar tashar Ƙanƙara, saboda haka na san a hanya kike karanta ta. Allah ya tsare motar da direbanta da duk wanda ke ciki, ya rufe idon mugu a hanyar Sheme, ya sauke ku Zariya lafiya.

Kada ki yi mamakin gida ɗaya muke kwana amma sai da na nemi biro. Kin san halina. In na zauna zan yi miki magana mai nauyi, sai in ɓuge da tambayar ko an ba awaki ruwa. Na sha gwadawa a daminar nan, bakina ya ƙi. Rubutun kuma na ajin yaƙi da jahilci ne, ki yi haƙuri da karkatattun layukan.

Rahila, na san ba kya cin abinci da rana. Na sani tun daga makon da 'yan bindiga suka tare motar da Saratu, 'yar baffanki Iliya, ta shiga za ta koma ƙauyensu na bayan Sabuwa, suka yi daji da su a gaban Faskari. Har yau ba mu da wani labari mai ƙarfi a kanta. Innarki ta gaya mini abin da kika ce mata: wai kin yi wa Allah alkawari za ki je addu'ar safe kullum a makon nan, wata safiya kuwa barci ya kwashe ki, kuma a ranar aka ɗauke ta. Daga nan kika ɗaure wa kanki cewa ba za ki ƙara sa komai a baki da rana ba sai ta dawo. Kina juye tuwonki a akushin awaki kina tsammanin ba mai gani. Awakin gidan nan sun yi ƙibar da ba su taɓa yi ba, ke kuwa zanenki sai kin ƙara masa ɗauri.

A gida muna ganin ki, innarki kuma ta iya yi miki wayo da kunu. A makarantar koyon jinya ba wanda ya san yadda fuskarki take a da, balle ya lura ta zube. Abin da ke hana ni sukuni ke nan. Ina tsoron ki faɗi a wurin da ba kowa naki.

Ba zan yi miki faɗa ba, domin ciwon nan a wurina kika gada. Ni kuma a gindin tsamiya na ɗauko shi.

Kin san kakanki Nomau yana tsoho, yana zaune a zaure yana tufka igiya. Ba ki san shi da ƙarfinsa ba. Bamaguje ne har ya koma ga Mahaliccinsa, manomi kuma wanda ba a kama ƙafarsa a duk yankin 'Yargoje. Akwai wata tsamiya a bayan tsohon gidanmu. In damina ta gabato, zai yanka jan zakara a gindinta. In gero ya nuna, ba wanda ya isa ya sa tumu a baki sai an kai mata zangarniyar farko. Wata shekara, ina yaro, kwaɗayi ya ja ni na karyo zangarniya na gasa a ɓoye kafin a kai mata. Ba a daɗe ba ƙyanda ta kama ƙanwata. Da na ga jikinta ya rikice sai na tona kaina. Kakanki bai taɓa ni ba. Ya dube ni kawai, ya shiga garke ya jawo akuya ya nufi tsamiya da ita. Yarinyar ta warke, amma ni na riga na haddace darasin: duk masifar da ta shigo gida, akwai wanda ya rage wani abu. Muguntar abin ita ce ba wanda ya san ma'aunin. Tsamiya ba ta taɓa buɗe baki ta ce ya isa ba, saboda haka kullum kakanki cikin ƙari yake.

Da mai bishara ya zo ƙauyenmu ina saurayi, abin da ya ja ni shi ne na ji an ce an riga an gama, ba sauran yanka. Aka yi mini baftisma a rafi. Kakanki bai hana ni ba, ya ce in dai ba zan bar noma ba in tafi. Na ɗauka na rabu da tsamiya ke nan. Ashe ciro ta na yi da saiwarta na dasa a cikin majami'a, ban kuwa gane ba sai da ta ci mini abubuwa masu yawa.

Na fara da gona. Kin san yadda ikkilisiya ke fita gayya a gonar majami'a ranar da aka sa, a yi aiki, a sha fura, a watse. Ni ban iya watsewa ba. Gani nake abin da na yi bai kai ba, sai in koma washegari ni kaɗai, in sake komawa jibi. Har aka yi maimai a gonar majami'a, tamu ko noman farko ba ta gani ba. Innarki tana da cikin wanki Yohanna a lokacin, ita ta ɗauki fartanya ta shiga ciyawa da tsohon ciki. Wata rana na dawo ta tare ni a ƙofar ɗaki ta ce, "Maigida, wanga ciki da ni ke ɗauke da shi ma na Allah ne, kuma yunwa shi ke ji." Na hau ta da faɗa, na ce bangaskiyarta ce ƙarama. A shekarar rumbunmu ya ƙare tun bazara ba ta yi nisa ba. Mutane kuwa sai yabona suke yi, ana cewa a yi koyi da Ishaku, kuma ba zan ɓoye miki ba, yabon ya yi mini daɗi. Amma ko sau ɗaya ban kwanta da jin cewa na yi abin da ya isa ba.

A Zariya za ki tarar da zumuntar ɗalibai, da taron addu'a, da ƙungiyar mawaƙa, kowa zai so ki shigo don muryarki. Ki shiga, ki yi da zuciya ɗaya. Amma in an tashi, ki tashi. Karatunki da majinyacin da za a ba ki ki kula da shi, su ma aikin Allah ne, ba wani abu ne da kike satar lokacinsa kina yi ba. In kika ga kina zuwa taro don kina tsoron abin da zai faru in ba ki je ba, ki zauna ki binciki kanki, domin haka nawa ya fara.

Abu na biyu da tsamiyar ta ci mini shi ne wanda ban taɓa gaya miki da bakina ba. Kin san Yohanna a hoto kawai, kin kuma san zazzaɓi ne ya ɗauke shi. Ga sauran labarin.

Kowane manomi yakan zaɓi manyan zangarniyoyi tun a gona, ya ɗaure su daban, su ne iri. A godiyar kaka ta shekarar da ta wuce kafin rasuwarsa, na ware damin iri kamar yadda kowa ke yi, na kai wanda ke bi masa a kyau majami'a. Ba wanda ya ga laifi a ciki, ni ma ban gani ba. Sai da damina ta zo jikin yaron ya yi zafi, damin nan ya faɗo mini a rai. Na ce shi ke nan, na ba Allah na biyu na riƙe na farko, ga shi ya zo karɓa. Innarki ta ce mu kai shi asibiti Ƙanƙara. Maƙwabcinmu Malam Sani ya fito da babur ɗinsa har ƙofar gida, ya ce, "Ishaku, ɗauko yaron nan mu tahi, rana na yi." Na ce su dakata in cika azumin da na ɗauka tukuna. Na tafi majami'a na durƙusa ina ciniki da Allah, ina jera masa abin da zan yi in ya bar mini shi. Lokacin da na yarda a tafi, yaron ya daina kuka. A kan babur ya cika, tsakanina da bayan Malam Sani, ba mu kai ga shiga gari ba.

Ban sani ba ko da mun tafi da wuri zai rayu. Wannan sanin yana wurin Allah. Abin da na sani shi ne, ba bangaskiya ce ta tsayar da ni ba, tsoro ne, na kuwa sa masa rigar bangaskiya har ni kaina ban gane shi ba. Innarki ta yafe mini tuntuni. Ni ne na daɗe ban iya duban babur ɗin Malam Sani ba.

Ke da za ki yi aikin asibiti, za a riƙa kawo miki yara a makare. Kada ki yi wa iyayen tsawa, ba ki san da wa suka tsaya ciniki a hanya ba. Ki karɓi yaron ki yi abin da aka koya miki. Ke ma in jikinki ya ƙi, ki sha magani, ki yi addu'a kina tafe. Wanda ya ji ki a durƙushe zai ji ki a kan hanya.

Za ki ce ai bayan wannan na yi hankali. Ban yi ba, ƙara nutsewa na yi. Da kaka ta zagayo aka sa ranar godiya, sai na kwashe irin gidanmu gaba ɗaya na kai. Geron nan kakanki ya gada a wurin ubansa, ya ba ni ranar da na kafa gida. Na shiga da shi a ka, mata suna waƙa suna kaɗa tulu, na sauke a gaba. Innarki tana cikin masu waƙar, na ga ta daina waƙar. Manomin da ya ba da iri ya ba da abincin baɗi, kowa a ɗakin ya san haka, amma ba wanda ya iya cewa komai, tunda wa zai hana mutum ba Allah?

Labari ya kai wa kakanki. Da la'asar ya zo yana dogara sanda, ya same ni ina gyaran danga. Ya zauna a kan turmi, ya daɗe yana kallon hannuna.

Ya ce, "An ce ka kai iri ɗakin sujadarku."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"Duka?"

"Duka."

"Mi ka yi ma Allah da zahi haka?"

Na gaya masa zancen damin da na riƙe, na ce shi ya sa aka ɗauki Yohanna.

Ya ce, "Shi ya hwaɗa maka?"

Na ce a'a.

"To wa ya hwaɗa maka?"

Bai jira amsata ba. Ya ce, "Ni na hwaɗa maka, tun kana yaro, ran da ka ci tumu. Muryata ce ka ke ji, ba tashi ba." Ya gyara zama ya ci gaba. "Ran da ka zo ka ce za ka bi wanga hanya, mi ka ce mani? Ka ce shi ya ba da ɗanshi don kada kowa ya ƙara yanka. Shi ya sa na bar ka ka tahi, na ce ko mutum ɗaya cikinmu ya huta. Yanzu kuma ka ce ya amshe naka saboda damin gero? Ishaku, ko tsamiya ba ta taɓa tambayata iri ba."

Rahila, na sha jin wa'azi a rayuwata, mai kyau da mai sa gyangyaɗi. Ban taɓa jin wanda ya shige ni kamar na tsohon nan da bai taɓa taka majami'a ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne wanki. Kakanki bai rarrashe ni ba, ya bari na gama, sannan ya ce in ɗauko masa ruwa.

Washegari na tafi wurin mai bishara ina jin kunya kamar in nutse. Ashe bai bari an sussuke damin ba, ya rataye shi daban a ɗakin girkinsa inda hayaƙi ke hana ƙwari. Ya ce, "Ikkilisiya ta amsa, ta gode. Ikkilisiya kuma ta ba ka. Je ka shuka." Na ɗauko shi a ka kamar yadda na kai shi, na bi ta tsakiyar ƙauye kowa yana gani. Geron da ke tsaye a gonarmu yau jikan wannan damin ne.

Ba zan yi miki ƙarya in ce tsoron ya tafi a ranar ba. Har yanzu yakan zo, musamman in an ji harbi ta yamma ko ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina. Sai in ji wani abu yana ce mini, me ka rage? Abin da na koya shi ne in tsaya in yi wa kaina tambayar kakanki: wa ya faɗa maka? Na lura muryar da ke cewa bai isa ba, ƙara, ba ta taɓa kai ni ga ƙaunar kowa ba. Ta sa na bar mace mai ciki da fartanya, ta sa na bar yaro yana zafi. In Ubangiji ne ke nuna mini laifina, yakan nuna abin a fili, ya ce wannan ne, je ka gyara, kuma in na gyara sai in samu sauƙi. Ita waccan ba ta nuna komai, ƙari kawai take nema.

Gaskiyar magana, ba za ki taɓa yin abin da ya isa ba. Ni ma ban yi ba, fasto bai yi ba, ba kuma don wannan aka karɓe mu ba. Abin da ya isa an yi shi a kan gicciye tun ba a haifi kakan kakanki ba. Har gobe ina ba da zakka, ina zuwa gayya, nakan yi azumi in lokacinsa ya yi. Abin da ya sauya shi ne dalilin. Kin tuna kina ƙarama kina kawo mini fura gona a ƙwarya? Kafin ki iso rabi ya zube a rigarki, sauran kuma ga ƙasa a ciki. Ban taɓa leƙa ƙwaryar in auna abin da ya rage ba. Ganin ki nake yi tun daga nesa kina tafe kina tangaɗi, in ajiye fartanya in jira ki. Ni da nake mutum mai saurin fushi ke nan, kin kuwa san ban fi Allah kirki ba.

Yanzu zancen Saratu. Waɗanda suka ɗauke ta mutane ne masu bindiga, da sunayensu da iyayensu, kuma za su amsa a gaban Allah. Barcinki na safiya ɗaya ba shi da hannu a ciki. Uwar Saratu ba ta taɓa fashin addu'ar safe ba, aka ɗauki 'yarta. An ɗauki ƙanen Malam Sani a gona, mutumin da ba ya wasa da salla. Ban san dalilin da ya sa Allah ya bar wannan abu a ƙasarmu ba, kuma na daina yin kamar na sani. Amma na tabbata bai riƙe yarinyar nan a daji yana jiran ki rame ba. In da haka yake, da ba shi da bambanci da 'yan bindigar.

Ki ci gaba da yi mata addu'a, safe da yamma, ki kira sunanta. Mu ma muna yi, baffanki kuma bai zauna ba. In Allah ya dawo da ita, za ta dawo da ciwo a jiki da zuciya, za ta nemi 'yar'uwa mai ƙarfi wadda ta san aikin jinya, ba wadda za a kwantar kusa da ita ba. In kuma bai dawo da ita ba, to za mu yi kuka tare, kuma ba laifinki ba ne.

Alkawarin da kika ɗaura wa kanki, ni mahaifinki na ji shi, na kuma warware miki shi. Cikin tsoro kika yi shi, ba wanda ya nema a wurinki. In akwai laifi a warwarewar, na ɗauke shi a kaina, na saba da kaya irin wannan.

Ki duba ƙarƙashin inda kika ciro takardar nan, za ki ga ƙulli a farin ƙyalle. Jiya na shiga gona na karyo zangarniyoyin farko na bana, ba wanda ya ɗanɗana tukuna. Innarki ta gasa, ta murje, ta fece. Da kakanki ne, gindin tsamiya zai kai su. Ni kuma shekaru da yawa majami'a nake kai su cikin tsoro. Ranar godiya zan kai wa ikkilisiya nata da farin ciki, dami mai kyau. Amma tumun farko na bana naki ne. Ki kwance shi yanzu, da rana tsaka, ki gode wa wanda ya ba da ruwa, ki miƙa wa na kusa da ke, sannan ki ci. Kada ki jira faɗuwar rana, kada kuma ki jira sai kin ji kin cancanta.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki, ya ba ki abokan zama nagari da malamai masu haƙuri. Ya tsare ki daga mugun mutum da mugun tunani. Ya buɗe wa Saratu da duk waɗanda ke daji hanyar gida, ya kwantar da ƙasarmu daga Ƙanƙara har Sabuwa, ya maido mana da ke muna raye.

In kin sauka ki buga wa innarki waya. Ba sai kin ba ni dogon labari ba. Ki ce mata kawai ta gaya mini kin ci.

Ni ne mahaifinki,
Ishaku